Lordi: Yadda Dodannin Rovaniemi Suka Kai Ƙasar Finlan Inda Ba Ta Taɓa Zuwa Ba

Daren Asabar, 20 ga Mayu, 2006, a babban zauren wasanni na Olamfik da ke birnin Atina na ƙasar Girka, inda ake zagayen ƙarshe na Eurovision, gasar waƙa ta ƙasashen Turai, mutum biyar na ƙungiyar mawaƙa ta Lordi daga Finlan suka hau dandamali, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ake ganin fuskarsa ta ainihi. Na tsakiya, wanda ke riƙe da makirufo, fuskarsa duk ta yamutse kamar wadda ta ƙone ta warke, ƙahoni sun tsiro masa a goshi, idanunsa jajur, yatsunsa ɗauke da dogayen farata. A kansa akwai hula mai tutar Finlan, fara da shuɗin gicciye. Mai kaɗa jita ya fito a siffar gawar da aka naɗe da ƙyalle irin ta tsoffin kaburburan Masar. Mai jitar bas yana da kan bijimin sa. Mace ɗaya da ke cikinsu, mai kaɗa fiyano, ta yi fari fat kamar fatalwa. Mai ganguna kuwa wata halitta ce da ba ta yi kama da mutum ba, ba ta kuma yi kama da dabba ba.

Da waƙar ta kusa ƙarewa, sai wasu manyan fukafukai irin na jemage suka buɗe daga bayan mawaƙin. Ya ɗaga wani gatari mai baki biyu sama, tartsatsin wuta ya shiga fita daga jikin gatarin. Minti uku aka yi, domin dokar gasar ba ta yarda waƙa ta wuce haka ba. Da aka gama ƙirga ƙuri'u, ƙungiyar Lordi ta tashi da maki 292, adadin da babu wanda ya taɓa samun irinsa a tarihin gasar Eurovision zuwa wannan dare. Dima Bilan na Rasha, wanda ya zo na biyu, maki 248 ya samu.

Mutane da yawa sun ɗauki abin a matsayin tsautsayi, wato Turai ta wayi gari ne da son abin mamaki, ta zaɓi dodanni. Ni ban ga haka ba. Duk wanda ya bi tarihin ƙungiyar daga farko zai ga cewa daren Atina ya tarar da gini ne a tsaye, ginin da aka shafe shekara 14 ana ɗora masa bulo ɗaya bayan ɗaya, mafi yawan shekarun nan kuma babu wanda ke kallo.

Yaron Rovaniemi

Rovaniemi gari ne a can ƙuryar arewacin Finlan, babban birnin yankin Laplan, dab da layin da ake kira da'irar Aktik. Da hunturu rana kan leƙo ne na 'yan sa'o'i ta koma. A nan aka haifi Tomi Putaansuu ranar 15 ga Fabrairu, 1974, wanda duniya ta fi sani da Mista Lordi. Tun yana ƙarami abu uku suka kama masa zuciya: finafinan ban tsoro, littattafan zane, da wata ƙungiyar mawaƙa ta Amurka mai suna KISS.

Sai an san KISS kafin a gane Lordi. Kiɗan da ake kira hebi metal ya samo asali ne a Ingila a ƙarshen shekarun 1960, musamman a birnin Birmingham inda ƙungiyar Black Sabbath ta fito. Kiɗa ne na jita mai amfani da lantarki wadda aka ƙure wa sauti har take gurnani, da ganguna masu nauyi, da murya mai ƙarfi. Daga cikinsa wani reshe ya ɓalle wanda ya haɗa kiɗan da wasan kwaikwayo. Alice Cooper a Amurka yakan kawo maciji da na'urar sare kai kan dandamali. KISS, da aka kafa a New York a 1973, suka shafe fuskokinsu da fenti fari da baƙi, kowane ɗaya da siffarsa, suna fesa wuta da baki, suna tafiya a kan takalma masu tsayin tsiya. Shekara goma ba su yarda an ga fuskokinsu ba, sai a 1983 suka wanke fentin a gidan talabijin na MTV. A 1996 kuma suka mayar da shi, saboda sun ga abin da masoyansu ke so ke nan.

Putaansuu ya zama shugaban ƙungiyar masoya KISS ta Finlan. A 1992, yana ɗan shekara 18, ya soma naɗar waƙoƙinsa shi kaɗai da sunan Lordi. Ya yi karatun zane da harkar fim a garin Tornio, inda ya haɗa bidiyon waƙarsa na farko a 1995, cike da dodannin da ya ƙera da hannunsa. A 1996 ya shirya wa masoya KISS tafiya zuwa Suwidin don kallon wasan ƙungiyar, kuma ta wannan da'ira ta masoya ne ya haɗu da mutanen da suka zama abokan kiɗansa na farko. Cikinsu akwai mai jita da aka laƙaba wa Amen, wanda ya zauna tare da shi har shekara 26.

Shekara goma a bakin ƙofa

A nan ne labarin ya fi ɗaukar hankalina. Daga 1992 zuwa 2002 Lordi ba su fitar da faifai ko ɗaya a kasuwa ba, ba su kuma yi wasa a gaban jama'a ba. Sun naɗi kundin waƙoƙi guda a ƙarshen shekarun 1990, amma kamfanin da zai fitar da shi ya durƙushe, kundin ya kwanta a akwati, bai ga hasken rana ba sai 2012. Putaansuu ya koma Helsinki yana cin abinci da zane, yana zana wa masu shirya fim hotunan yadda kowace fitowa za ta kasance kafin a ɗauka.

Matsalar da ya yi ta cin karo da ita, kamar yadda ya sha faɗa a hirarrakinsa, ita ce kamfanonin faifai sun ga kamar siffar da kiɗan ba su jitu ba. Wanda ya ga waɗannan fuskoki zai zaci zai ji ihu da kururuwa irin na ɓangaren metal mafi tsauri, wanda ba kowane kunne ke iya ɗauka ba. Sai kuma a kunna waƙar a ji ta da daɗi, da amshi mai sauƙin kamawa, irin salon shekarun 1980 da a lokacin ake ganin ya tsufa. Shawarar da ake ba shi ba ta wuce biyu: ko ya cire fuskar dodon ya bar kiɗan yadda yake, ko ya bar fuskar ya tsananta kiɗan. Ya ƙi duka biyun.

Ana iya kiran wannan taurin kai, kuma taurin kan ne. Amma abin da kamfanonin suka ɗauka aibi, shi ne jarin ƙungiyar gaba ɗaya. Fuskar ita ke sa mutum ya tsaya ya kalla, amshin kuma shi ke hana shi tafiya. Da ya cire fuskar, da ya zama ɗaya daga cikin ɗaruruwan ƙungiyoyin metal da suka cika Finlan, ƙasar da ta fitar da Nightwish da HIM da Children of Bodom da Apocalyptica. Da ya tsananta kiɗan, da ya tsaya a ƙananan kulob-kulob na 'yan gani-kashe-nin metal, kuma da babu uwar da za ta zauna da 'ya'yanta a falo su buga masa ƙuri'a ta waya.

A 2002 kamfanin BMG reshen Finlan ya sa hannu da su. Waƙarsu ta farko, "Would You Love a Monsterman?", ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da aka fi saye a ƙasar. Kundin Get Heavy ya fito a watan Nuwamba, ya yi kasuwa sosai, ya kuma ci lambar yabo ta Emma, wadda ita ce babbar lambar mawaƙan Finlan. Ranar 8 ga Disamba, 2002, suka yi wasansu na farko a gaban jama'a a wani kulob mai suna Nosturi a Helsinki. Shekara goma cif bayan kafa ƙungiyar.

Aikin fuska

Ya kamata a matso kusa a ga yadda ake yin wannan fuska, domin wanda bai gani ba zai ɗauka irin wadda ake saye a shago ce a zura a kai. Mista Lordi ne da kansa ke ƙera fuskokin dukkan 'yan ƙungiyar da tufafinsu. Ana fara ɗaukar zubin fuskar mutum, a samu kwafinta na filasta. A kan wannan kwafi ake gina siffar dodon da yumɓu, kowane tabo, kowace jijiya, kowane lanƙwasar fata. Daga nan a sake yin zubi, a kaɗa ruwan roba har ya yi kumfa, a zuba, a gasa a tanda. Abin da zai fito roba ce mai laushi kamar soso, sai a bi ta da fenti launi bisa launi.

Tasa fuskar ba zura ta yake yi ba, manna ta yake yi a fatarsa da gam, gunduwa-gunduwa, don idan ya buɗe baki ko ya ɗaure fuska robar ta motsa tare da naman fuskarsa. Aikin kan ci masa sa'a biyu zuwa uku a gaban madubi kafin kowane wasa. Sai ya sa jan gilashin nan da ake mannawa a ƙwayar ido, ya sa farata, ya hau dogayen takalma. A cikin wannan kaya zai yi waƙa ta fiye da sa'a guda a ƙarƙashin fitilun dandamali, wuta na tashi a gefensa, gumi ba shi da hanyar fita. Kuma duk sabon kundi, sai an sabunta siffofin duka.

Bayan wahalar jiki akwai doka: babu ɗan ƙungiyar da zai yi hira da ɗan jarida, ko ya tsaya a ɗauke shi hoto, ko ya fito a talabijin da fuskarsa ta gaske. Ko hirar minti biyar ce, sai an yi zaman madubin nan. Wannan ne ya bambanta su da mawaƙin da ke sa kayan wasa don ado. A wurinsu siffar ita ce sana'ar, kuma sun biya kuɗinta da jikinsu.

Shekarun da suka biyo baya ba su zo da sauƙi ba. Kundi na biyu, The Monsterican Dream na 2004, ya fi na farko duhu da nauyi, kuma bai kai shi kasuwa ba. A 2005 suka zaga Turai suna buɗe wa ƙungiyar HammerFall ta Suwidin wasa, a shekarar kuma mutum biyu suka fita daga ƙungiyar, aka kawo Awa a kan fiyano da OX a kan bas. A wannan hali suke lokacin da maganar Eurovision ta taso.

Caca ta fuska biyu

Eurovision gasar waƙa ce da gidajen talabijin na gwamnatocin Turai ke shiryawa kusan duk shekara tun 1956. Kowace ƙasa ta turo waƙa ɗaya, kowace ƙasa kuma ta raba wa sauran maki, mafi girma shi ne 12. Finlan ta fara shiga a 1961, kuma tarihinta a gasar abin tausayi ne. Shekara 45 ba ta taɓa wuce matsayi na shida ba, wanda Marion Rung ta samo mata a 1973. Ta sha zuwa ta ƙarshe. A 1963 da 1965 da 1982 ko maki ɗaya ba ta samu ba. Maƙwabciyarta Suwidin kuwa ta riga ta ci sau huɗu a lokacin. Abin ya zame wa 'yan Finlan wani ciwo da suka saba da shi.

Shigar Lordi gasar fitar da gwani ta gidan talabijin na ƙasar Finlan, YLE, a farkon 2006 caca ce, gaba kura baya sayaki. A idon masoya metal, Eurovision dandalin waƙoƙin soyayya ne masu ƙyalƙyali, duk wanda ya je can ya sayar da mutuncinsa. A idon masu kallon Eurovision kuma, waɗannan halittu za su kunyata ƙasar a gaban duniya. Duk da haka jama'a suka zaɓe su da rata mai yawa.

Daga nan sai ƙura ta tashi. Wasu malaman coci a Finlan suka nuna rashin jin daɗi, har aka yi kira ga shugabar ƙasa Tarja Halonen ta hana tafiyar. A Girka ma wasu ƙungiyoyi suka nemi a hana su hawa dandamali, suna zarginsu da bautar Shaiɗan. Mista Lordi ya musanta zargin sau da dama, yana nuni da wata waƙarsu ta kundin farko, "Devil Is a Loser", wadda ma'anarta ita ce Shaiɗan asararre ne. Ya ce dodanninsu na fim ne, ba na addini ba. Ban ga laifin mai addinin da ya ga waɗannan fuskoki gabansa ya faɗi ba, kuma gaskiya ne cewa a cikin waƙoƙin ƙungiyar akwai masu kalaman batsa da na zubar da jini waɗanda ba zan kunna wa yaro ba. Amma zargin bautar Shaiɗan ba shi da tushe. Wanda ya duba aikinsu zai ga mutum ne da ya tashi da finafinan ban tsoro, ya mayar da su waƙa.

Wannan cece-kuce ta yi musu tallan da kuɗi ba zai saya ba. Kafin a fara gasar, jaridun Turai duk sun buga hotunansu. A Atina, cikin zafin watan Mayu, sun halarci tarukan manema labarai da sauran hidimomi cikin cikakkiyar shigarsu, ba su taɓa sassautawa ba. Ranar 18 ga Mayu suka zo na ɗaya a zagayen kusa da na ƙarshe, shi ma da maki 292.

Me ya sa suka ci? Tsarin zaɓen na wancan lokaci ya taimaka ƙwarai. A 2006 kusan dukkan ƙasashe da ƙuri'ar 'yan kallo ta waya suke raba makinsu, babu alƙalai. Mai kallo a gida ya ji waƙa 24 a jere, mafi yawansu masu kama da juna, sannan a ba shi 'yan mintuna ya zaɓa. Wadda ta tsaya masa a rai ita zai buga wa. Babu wanda zai manta da mai fukafukan jemage. Amma siffa kaɗai ba ta isa ba, domin an sha turo abin mamaki gasar nan ya faɗi warwas. Waƙar "Hard Rock Hallelujah" tana da amshin da mutum zai kama daga ji na farko, ya kuma tashi da shi washegari. Haɗin nan da kamfanonin faifai suka ƙi saye na tsawon shekara goma, shi ne dai ya yi aiki a minti ukun nan. Ga kuma ɗimbin matasa masu son kiɗan rok a faɗin Turai, waɗanda ba su saba kallon gasar ba, amma a wannan shekara suka samu wanda za su mara wa baya.

Ƙasashe takwas ne suka ba Finlan cikakken maki 12: Suwidin, Norwe, Denmak, Aislan, Istoniya, Polan, Birtaniya, da Girka, wato ƙasar da aka yi ta neman a hana su wasa a cikinta. A 2009 aka dawo da alƙalai su riƙa bayar da rabin maki. Tasirin wannan sauyi ya fito fili a 2023, lokacin da ɗan Finlan Käärijä ya lashe ƙuri'ar 'yan kallo da maki 376 amma makin alƙalai ya ba Loreen ta Suwidin kofin. Har zuwa gasar 2025, nasarar Lordi ita kaɗai ce Finlan take da ita.

A bar kaza cikin gashinta

Ranar 26 ga Mayu, dubun-dubatar mutane suka cika dandalin kasuwa na bakin teku a Helsinki don tarbar su. Kimanin mutum 80,000 suka rera waƙar tare, abin da ya shiga kundin bajinta na Guinness. Shugaba Halonen, wadda aka nemi ta hana su tafiya watanni kaɗan da suka wuce, ta hau dandamali ta miƙa musu lambar yabo ta nagartaccen aikin 'yan ƙasa.

Amma abin da ya fi nuna mini matsayin da suka kai ya faru ne kwana biyu kafin wannan biki. Ƙungiyar ta roƙi 'yan jarida kada su buga hotunansu ba tare da fuskar dodo ba. Jaridar Bild ta Jamus ta yi biris da roƙon. A gida kuma wata mujallar tsegumi mai suna 7 päivää ta sa tsohon hoton Putaansuu da fuskarsa ta gaske a bangonta. Mujallar ta zaci ta samo abin da kowa ke ƙishirwar gani. Sai jama'a suka yi mata ca. Mutum sama da 200,000 suka sa hannu a takardar ƙaurace wa mujallar ta intanet, a ƙasar da yawan jama'arta bai wuce miliyan biyar da 'yan kai ba. Dole mujallar ta fito ta nemi afuwa.

Abin lura shi ne babu wani sirri na gaske a nan. Sunan mutumin sananne ne, garinsu sananne ne, waɗanda suka yi makaranta da shi suna nan da ransu. Abin da jama'a suka kare yarjejeniya ce tsakaninsu da mai wasa: kai ka sha wahalar zama dodo dominmu, mu kuma mun yarda ba za mu leƙa bayan labule ba. Mujallar ta shiga tsakani ta karya abin da ba nata ba. Ina ganin babu wata shaida da ta fi wannan nuna cewa taurin kan shekara goma ya haifi ɗa mai ido. Mutane sun ga yadda ya ɗauki siffar da muhimmanci, su ma suka ɗauke ta haka.

Bayan biki

Daga nan sunan Lordi ya zama hajar kasuwa. Garin Rovaniemi ya sauya wa babban dandalinsa suna zuwa Dandalin Lordi, aka kafa tambarin tafukan hannayensu a siminti. Kamfanin Olvi ya fitar da lemon kwalba mai sunansu. Aka buɗe gidan cin abinci na Lordi a Rovaniemi a ƙarshen 2006. Hukumar gidan waya ta buga kan sarki mai hotonsu a 2007, shekarar da Helsinki ta karɓi baƙuncin Eurovision. Kundinsu na uku, The Arockalypse, wanda Dee Snider na Twisted Sister da Udo Dirkschneider da tsohon mai jitar KISS Bruce Kulick suka sa baki a ciki, ya yi kasuwar da babu wani kundinsu da ya sake yin irinta. A bazarar 2007 suka zaga Amurka a babban dandamalin bikin kiɗan metal na Ozzfest.

A nan ne nake ganin an yi kuskure, ko da yake kuskure ne mai wuyar kaucewa. An ɗauki farin jinin dare ɗaya a matsayin ma'aunin yawan masoya na dindindin. Mafi yawan waɗanda suka cika dandalin Helsinki murnar ƙasarsu ta kawo su, ba son hebi metal ba. Da murnar ta lafa, suka koma ga abin da suka saba ji. Fim ɗin ban tsoro na Dark Floors, wanda aka fitar a 2008 da 'yan ƙungiyar a matsayin dodannin ciki, an kashe masa sama da Yuro miliyan huɗu, kuɗi mai yawa a ma'aunin finafinan Finlan, kuma bai mayar da su ba. Gidan cin abincin ya rufe a 2011. Cinikin faifansu a gida ya yi ta raguwa. Wasu masoya metal kuma ba su taɓa yafe musu zuwa Eurovision ba, suna kallonsu a matsayin abin wasan yara. Amurka ma ba ta buɗe musu ƙofa yadda aka yi fata ba.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Waɗanda suka rage su ne masu zuwa kallon wasa a Jamus da sauran ƙasashen tsakiyar Turai, inda ake da bukukuwan metal masu yawa da jama'ar da ke sayen tikiti shekara bayan shekara. Ƙungiyar ta koma ƙarƙashin kamfanin AFM na Jamus, ta ci gaba da fitar da kundi kusan duk shekara biyu, tana zagaya kulob-kulob da matsakaitan zauruka.

'Yan ƙungiyar ma sun yi ta sauyawa. Mai ganguna Kita ya fita a 2010. Wanda ya gaje shi, Otus, ya rasu a watan Fabrairun 2012. Awa ta tafi a shekarar, OX a 2019, Amen kuma a 2022. A yau Mista Lordi ne kaɗai ya rage daga cikin biyar ɗin da suka hau dandamalin Atina. A nan ma fuskar ta yi rana. Ƙungiyar da masoya suka shaƙu da fuskokin mutanenta takan girgiza idan ɗaya ya tafi. Lordi kuwa sai a ƙera wa sabon shiga sabon dodo, da sunansa da tarihinsa na almara, a gabatar da shi kamar sabon babi a labari. Ba su bi hanyar KISS ba, waɗanda suka ɗora wa sababbin mutane fentin tsofaffin. Siffar wanda ya tafi tana tafiya tare da shi, kuma a ganina wannan girmamawa ce ga wanda ya sha zafin robar shekara da shekaru.

A watan Maris na 2020 annobar korona ta katse musu rangadin da suke yi a Turai. Mista Lordi ya koma gida ya zauna rubuta waƙa. A watan Nuwamban 2021 ƙungiyar ta fitar da kundi bakwai a lokaci guda, a akwati ɗaya mai suna Lordiversity. Kowane kundi an yi shi ne kamar a ce ƙungiyar ta naɗe shi a wani zamani daban tsakanin 1975 da 1995: ɗaya da salon rok na shekarun 1970, ɗaya da kiɗan disko, ɗaya da metal mai gudu, ɗaya da sautin injuna irin na tsakiyar shekarun 1990. Wato ya zauna ya ƙirƙiro wa ƙungiyarsa tarihin faifan da ba ta samu damar yi ba, har da na shekarun da yake yawo da kaset ɗinsa daga wannan kamfani zuwa wancan ana juya masa baya. Bayan wannan sun sake fitar da kundi a 2023, da wani a 2025, kowanne da sababbin fuskokin da ya ƙera da hannunsa, na 2025 ɗin yana ɗan shekara 51.